An kira Richard Sherman ɗan daba, alhali karatu ne makaminsa

Ranar 19 ga Janairu, 2014, a birnin Seattle na Amurka, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi wasan ƙwallon zari-ruga irin na Amurka tsakanin Seattle Seahawks da San Francisco 49ers. Duk wanda ya yi nasara shi zai je Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka. Seattle na gaba da maki 23 da 17, amma ƙwallo na hannun San Francisco, kuma sun matso kusa. Colin Kaepernick, mai jefa wa San Francisco ƙwallo, ya cilla ta kusurwar da abokin wasansa Michael Crabtree ke gudu. Richard Sherman, mai tsaron gefe na Seattle, ya yi tsalle ya doke ta da tafin hannu, ta faɗa hannun abokin wasansa Malcolm Smith. Shi ke nan, wasa ya mutu.

Jim kaɗan 'yar jaridar gidan talabijin na Fox, Erin Andrews, ta miƙa masa makirufo. Jikinsa na rawa, ya ɗaga murya ya ce babu mai tsaron gefe kamarsa, kuma Crabtree bai kai a gwada shi da shi ba. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Kafin gari ya waye, a talabijin da intanet, sunan da aka laƙaba masa shi ne ɗan daba.

Ban yarda da wannan suna ba ko kaɗan, kuma tarihin mutumin ne hujjata.

A Compton aka haife shi a 1988, garin da ke gefen Los Angeles wanda ya yi ƙaurin suna wajen faɗan gungun matasa. Mahaifinsa direban motar kwasar shara ne. Yaron ya gama sakandaren Dominguez a matsayin na biyu a ajinsu, ya samu gurbi a Jami'ar Stanford a 2006, jami'ar da ko 'ya'yan masu hali ke shan wuya kafin su shiga. Ya fito da digiri a fannin sadarwa a 2010. Amma abin da ya fi jan hankalina a zamansa na Stanford shi ne sauyin gurbi. Da farko mai cafe ƙwallo ne, wato ɗan gaba, har shi ya fi kowa cafewa a ƙungiyar a shekararsa ta farko. A 2008 gwiwa ta ba shi matsala, ya rasa yawancin kakar. Da ya warke sai ya koma baya, ya zama mai tsaron irin mutanen da a da shi ne ɗaya daga cikinsu.

Wanda bai saba kallon wasan ba, ya kamata ya san wahalar wannan gurbi. Ɗan gaba ya san inda zai bi tun kafin a fara, shi da mai jefa masa ƙwallo sun riga sun shirya. Mai tsaron gefe bai sani ba. Da baya yake fara gudu, fuskarsa na kallon abokin karawa, kuma doka ta hana shi turewa ko riƙewa da zarar an wuce yadi 5. Taku ɗaya ya kuskure, an wuce shi, dubban mutane na kallo. Saboda haka gudu kaɗai ba ya isa. Sherman ma ba ya cikin masu tsananin gudu. Abin da yake da shi tsawo ne, kimanin mita 1.91, da dogayen hannaye, da kuma sanin tunanin ɗan gaba, tunda shi ma ya yi aikin. Yakan zauna ya kalli faifan wasannin abokan hamayya har ya haddace yadda suke jeruwa da abin da kowace jeruwa ke nufi. Wani lokaci ma da gangan yake ba ɗan gaba sarari, don mai jefawa ya ɗauka hanya a buɗe take, sai ya cilla, Sherman ya rufe.

Masu zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL ba su ga wannan ba. A 2011 sai da aka ɗauki mutum 153 kafin Seattle ta ɗauke shi a zagaye na biyar. Cikin waɗanda suka tsallake shi har da San Francisco, wadda kocinta a lokacin, Jim Harbaugh, shi ne kocinsa a Stanford. Ba da daɗewa ba ya nuna musu kuskurensu: ya cafke ƙwallon abokan hamayya sau 8 a 2012, ya sake cafke 8 a 2013, wanda ya fi na kowa a gasar a shekarar. Shekara uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, yana cikin jerin farko na gwanayen gasar. Shi da Earl Thomas da Kam Chancellor, ƙarƙashin koci Pete Carroll, suka kafa bayan da ake jin tsoro. Mako biyu bayan waccan hira suka lallasa Denver Broncos da ci 43 da 8, Seattle ta ɗaga kofin Super Bowl na farko a tarihinta. To, wanda ya ce babu kamarsa a wannan dare, ƙarya ya yi?

Ba na wanke shi tas. Baki shi ke yanka wuya, kuma ƙasƙantar da Crabtree a bainar jama'a, mutumin da ya riga ya sha kaye, ba hali ne mai kyau ba. Hukumar gasar ta ci shi tarar dala 7,875 saboda alamar shaƙe wuya da ya yi wa Kaepernick. Shi da kansa ya nemi afuwa kan kai wa mutum ɗaya hari da kuma kawar da hankalin jama'a daga ƙoƙarin abokansa. A 2021 kuma 'yan sanda sun kama shi a jihar Washington, ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure, ya ce zai nemi taimako kan halin da yake ciki. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai cika baki daban, daba daban. Bai doki kowa ba a daren nan, bai yi ashar ba. A taron manema labarai ya tuna musu cewa a 'yan kwanakin an yi wasan hoki na ƙanƙara inda 'yan wasa suka kaure da dambe tun daga farawa, kuma babu wanda ya kira su 'yan daba. Ya ce kalmar ta zama hanyar da aka halatta ta zagin baƙar fata ba tare da an furta zagin na asali ba. A nan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Baƙar fata ne, ɗan Compton ne, gashinsa a tukke, muryarsa a sama: waɗannan aka gani aka yanke hukunci.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar mini. Ya shiga shugabancin ƙungiyar 'yan wasan NFL, ya yi ta sukar wasannin daren Alhamis, yana cewa kwana huɗu bayan wasan Lahadi jiki bai gama murmurewa ba. A Nuwamba 2017, a wani wasan daren Alhamis da Arizona, agararsa ta tsinke. Seattle ta sallame shi a Maris 2018. Yana dab da cika shekara 30, ƙafa a ɗaure, ya zauna da shugabannin San Francisco ba tare da dillali ba, ya ƙulla yarjejeniyar shekara uku da za ta iya kai dala miliyan 39. An yi masa ca, ana cewa kuɗin da aka lamunce masa kaɗan ne, sauran sai ya taka rawar gani. Masu sukar na da hujja, domin da ƙafar ta sake tsinkewa da ya yi asara mai yawa, kuma ba zan ba matashin da bai san dokokin kwantiragi ba shawarar ya kwaikwaye shi. Amma shi ya karanta takardun, ya san jikinsa. A 2019 ya dawo cikin gwanayen gasar, ya karɓi kuɗaɗen da aka gindaya wa sharaɗi, ya kuma kai San Francisco Super Bowl, inda Kansas City ta doke su 31 da 20.

Ya buga wasansa na ƙarshe da Tampa Bay a 2021, bayan ya cafke ƙwallo 37 a wasannin kaka, yanzu kuma yana sharhin wasa a Amazon Prime. A 2027 zai cancanci shiga zauren gwarzayen wasan da ke Canton a jihar Ohio. 'Yan jarida ne mafi yawan masu kaɗa ƙuri'ar, wasunsu sun sha yaji daga bakinsa. Ina fata su ɗauko faifan wasanninsa na 2012 zuwa 2014 su kalla kafin su zauna, kuma su shigar da shi tun a karon farko.