Sabon Jirgin Kaduna Zuwa Kano: A Ina Zai Tsaya Wa Manomi?

Duk sanda aka tayar da zancen sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano, tambaya ɗaya ake nanatawa: awa nawa tafiyar za ta ci? Abin ya ishe ni. Ba mai tambayar inda jirgin zai tsaya, balle buhun masarar wa zai ɗauka.

Ƙauyenmu yana kan tsohon layin Zariya, kuma tasha ce ta raya shi. Kakana kan ce kafin dogo ya iso, gidajen wurin ba su kai a kira su gari ba. Layin da ya taso daga Baro, a bakin kogin Neja, ya isa Kano a 1911. Kwaɗayin auduga ne ya sa Turawa shimfiɗa shi, sai gyaɗa ta yi musu ba-zata ta cika taragu. Ba don Allah suka yi ba, kowa ya sani. Amma duk inda jirgi ya tsaya shan ruwa, kasuwa ta kafu. Na taso na tarar da ragowar abin: 'yan mata na bin tagogi da dafaffen ƙwai da rake, 'yan dako sun jera buhuna tun kafin a jiyo kukan jirgi. Ita kanta Kafanchan, mahaɗar layi ce ta ɗaga ta.

Yanzu awaki ke kwana a ofishin tasharmu, 'yan jari-bola kuma sun fara yi wa ƙarafan ɗauki ɗai-ɗai.

Mun ga yadda ta kaya a layin Abuja zuwa Kaduna tun 2016. Jere da Rijana da Kakau duk an gina musu tasha, amma jirgin na masu jakar hannu da kwamfuta ne. Manomin Rijana har gobe a bakin titi yake rigima da direba kan kuɗin buhu.

Masu cewa tsayawa a ƙauye ɓata lokaci ne, ba su taɓa kallon tumatur yana ruɓewa a kwando ba. Masu fakewa da harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin Abuja a Maris ɗin 2022 kuwa, su gaya mana wanne ɓarayin daji suka fi so, tasha mai jama'a ko kango?

A ware taragun kaya ko biyu ne, su riƙa tsayawa ranar kasuwa. A Igabi kaɗai akwai masarar da za ta cika su.