Kallon kitse ake yi wa rogo

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, don haka ba zan kama suna ba. Akwai wani bawan Allah da kwana biyun nan ya samo alƙaluma guda biyu, yana ta yawo da su kamar wanda ya tsinci dami a kala. A 2007 sojojin Amurka 904 ne suka mutu a Iraƙi, a 2008 kuwa 314. Daga nan sai ya yanke hukunci wai an murƙushe tawaye, mamaya ta yi nasara, kuma duk wanda ya ce akwai sauran magana, to ko dai jahili ne ko mai goyon bayan 'yan ta'adda. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa na kasa yin shiru, domin ƙazafi ne, kuma a kan jinin mutane aka yi shi.

Alƙaluman nasa gaskiya ne, ban musa ba. Har ma zan ƙara masa da wanda bai kawo ba: a watan Mayun 2007 an kashe musu soja 126, zuwa Disamba sai 23. Gaskiya ne kuma a Janairun 2007 Shugaba Bush ya ba da umarnin ƙara dakaru, aka tura kusan dubu 30 ƙarƙashin Janar Petraeus, kuma ƙarin ya yi tasirinsa. Kisan fararen hula ma ya ragu sosai a 2008, duk mai imani ya yi farin ciki da haka. Inda muka raba gari da malamin shi ne dalili. Ruwa ba ya tsami banza, shi kuwa dalili ɗaya tak ya gani, wanda ya yi daidai da abin da zuciyarsa take so.

Da ya tsaya ya bincika, da ya san tun watan Satumbar 2006, kafin a yi maganar ƙarin soja, shugabannin ƙabilun lardin Anbar suka juya wa Alƙa'ida baya a Ramadi, ƙarƙashin Sheikh Abdussattar Abu Risha. Ita ce tafiyar da ake kira Sahwa. Daga baya Amurka ta ɗauki mutum wajen dubu 100 na wannan tafiya tana biyan kowanne kimanin dala 300 a wata. Da yawansu su ne jiya suke dasa bam a gefen titi. Saurayin nan da ke tsaye a shingen bincike da bindigarsa a kafaɗa, ba a ƙwace bindigar ba, ba a canza masa ra'ayi kan mamaya ba, albashi aka sa masa ya juya bakin bindigar wani wajen. Shi kansa Abu Risha bam ya kashe shi a Satumbar 2007, kwanaki kaɗan bayan ya gana da Bush.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙarshen watan Agustan 2007, bayan rikicin Karbala, jagoran 'yan Shi'a Muƙtada Sadr ya umarci mayaƙansa na Jaishul Mahdi su tsagaita wuta na wata shida, sannan ya sake tsawaitawa. Wanda ya ajiye makami don ganin damarsa, gobe yana iya ɗauka don ganin damarsa. Wannan ba ya cikin jadawalin malamin namu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Bagadaza. Tun da aka tayar da bam a hubbaren Askari na 'yan Shi'a da ke Samarra a Fabrairun 2006, Bagadaza ta koma mahauta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fararen hula sama da dubu 34 da aka kashe a ƙasar a shekarar kaɗai. Magidanci zai tashi da asuba ya tarar an zuro masa ambulan ta ƙarƙashin ƙofa, a ciki harsashi ɗaya da takardar ya bar unguwa. Kafin azahar ya kwashi matarsa da 'ya'yansa da ɗan abin da mota za ta iya ɗauka, ya bar gidan da aka haife shi. Haka unguwannin da Sunni da Shi'a suka zauna tare shekara da shekaru suka zama na ɓangare ɗaya. Mutum sama da miliyan 4 suka bar muhallinsu, wasu a cikin ƙasar, wasu Siriya da Jodan. A 2007 kuma aka fara kewaye unguwanni da katangun kankare, irin ta A'azamiyya, shiga da fita sai ta shinge. To idan harbi ya lafa a titin da aka riga aka kore rabin mazaunansa, sunan wannan zaman lafiya? Ina son mai alƙaluma ya je ya faɗa wa wancan magidanci haka, ido da ido.

Sai kuma abin da ko ɗalibin fari ya kamata ya lura da shi. Raguwar mutuwa daban, raguwar hari daban. A 2007 aka fara kai motocin nan masu sulke da ake kira MRAP, waɗanda ƙasansu ke da tsini don ya watsar da ƙarfin bam. Ga rigar sulke, ga igiyar ɗaure jijiya a jikin kowane soja, ga jirgi mai saukar ungulu da ke kai mai rauni gaban likita cikin ƙanƙanin lokaci. Raunin da a yaƙin Biyetnam kabari ne, a Iraƙi sai ya zama yanke ƙafa. Amurka ta rasa soja kusan 4,500 a yaƙin, amma waɗanda suka ji rauni sun haura dubu 30. 'Yan kwangilar da aka kashe kuma ba sa cikin wannan lissafi, haka 'yan sanda da sojojin Iraƙi da ake turawa gaba. Sojan da ya koma cikin sansani ya rage sintiri, dole mutuwarsa ta ragu, kamar yadda aka gani bayan sun fice daga cikin birane a ƙarshen Yunin 2009.

In har yanzu bai gamsu ba, ya leƙa Afganistan. A 2010 sojojin Amurka kusan 500 suka mutu a can. Zuwa 2015 adadin bai fi ashirin da 'yan kai ba. Da ma'aunin malamin, an gama da Taliban ke nan. Amma a Janairun 2019 Shugaba Ashraf Ghani da bakinsa ya ce jami'an tsaron ƙasarsa sama da dubu 45 aka kashe tun hawansa mulki a 2014. Mutuwar ba ta tafi ko'ina ba, gida ta canza. Bayan yarjejeniyar Doha ta Fabrairun 2020, sai da aka yi kusan shekara ɗaya da rabi ba a kashe sojan Amurka ko ɗaya a fagen daga ba, domin Taliban sun yi alkawarin ƙyale su su tattara kayansu. Wannan shi ne adadi mafi kyau a duk tsawon yaƙin, kuma a cikinsa Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agustan 2021. Lumbu-lumbu ce, wutar ƙaiƙayi.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, na san saƙon zai isa inda aka aike shi. Ba na neman ya ba ni haƙuri kan sunan da ya kira mu. Abin da nake so ya daina ƙirga gawar baƙo kaɗai yana kiran sakamakon "halin da ƙasa ke ciki", alhali masu ƙasar suna binne nasu ba wanda ya rubuta. Kuma tunda yana son shekaru da lambobi, ga cikon jadawalinsa. An miƙa 'yan Sahwa ga gwamnatin Firaministan Iraƙi Nuri Maliki daga ƙarshen 2008, aka yi alkawarin ɗaukar wasunsu aikin tsaro, da yawa albashinsu ya yi ta makara, wasu aka kama su. Sojojin Amurka suka fice a Disambar 2011. Ranar 10 ga Yunin 2014, mayaƙan Da'ish, wato ISIS, suka ƙwace Mosul.