Ƙarfe ma yana buƙatar yaɓe

Duk wanda ya tashi a Tawa ta Nijar ya san ƙarfe ba ya saurin mutuwa a wurinmu. A yar da tsohuwar mota a bayan gari, rana ta cinye fentinta, yara su kwashe abin da zai kwasu, amma bayan shekaru gangar jikinta tana nan. Iskarmu busasshiya ce, damina kuwa wata uku ce zuwa huɗu. Ina ganin wannan sauƙi da Allah Ya yi mana shi ya sa muka ɗauki ƙarfe a matsayin abin da ake kafawa a juya baya.

A Marsey, inda nake zaune yanzu, ba mai wannan tunani. Nan ce babbar tashar jiragen ruwan yawon shaƙatawa ta Faransa, a bakin Bahar Rum. Wasu jiragen tsawonsu ya haura mita 300, suna ɗauke da dubban fasinjoji, ga su fari fat. Baƙo zai ce jiya aka ƙera su, alhali gishirin teku bai bar su sun huta ba ko na dare ɗaya. Tsatsa ba ta neman komai sai ƙarfe da iska da danshi, gishiri kuwa ingiza ta yake yi. Shi ya sa da zarar jirgi ya tsaya, fasinjoji sun fantsama cikin gari, sai ka hango ma'aikata a jikinsa, yawancinsu ƴan Filifin da Indonesiya da Indiya. Wani yana wanke gishiri da ruwan daɗi, wani yana kankare wurin da ja ya fara tsattsafowa a gefen taga ko inda sarƙar anga take gogawa, wani yana bi da fenti a kan doguwar sanda. Ba sa shafawa a kan tsatsa. Sai an kankare har farin ƙarfe ya fito, a sa fentin ƙasa mai hana ta kamawa, ya bushe, sannan a bi da na ado. Gobe a wata tashar haka za su yi.

Abin da ke ƙarƙashin ruwa ya fi wuya. Ana liƙa dunƙulen zinki, wato tutiya, a jikin jirgin don tsatsa ta ci shi ta bar ƙarfen, in ya ƙare a sa wani. Dabarar nan ce a jikin kwanon rufinmu, shi ya sa yake daɗewa kafin ya yi ja. Dokar teku ta duniya ta ce a duba gindin jirgin fasinja kowace shekara, kuma lokaci-lokaci a fitar da shi daga ruwa ɗungurungum. A Marsey akwai wani ƙaton kwarami na siminti mai tsawon mita 465 da aka sake buɗewa a 2017. A shigar da jirgi, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, a kankare shi tun daga ƙasa. Makonnin da zai yi a nan ba ya kawo ko dala, kuma tun kafin lokacin ya zo an ware kuɗin aikin.

Na san za a ce ai waɗannan masu kuɗi ne, kuma don kuɗi suke yi. Gaskiya ne. Fasinja ya ga layin tsatsa a barandar ɗakinsa, hoto zai ɗauka ya sa a Facebook, kamfani kuwa ba ya son haka. Amma ban yarda ba cewa kula da abu ɗabi'ar mai arziki ce, domin mu muka gada. A garin Yama, cikin jiharmu ta Tawa, akwai masallacin laka da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, mutanen gari suna kawo ƙasa da ruwa da ƙarfinsu. A 1986 ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine. Gini irin wannan ba ya tsayuwa sai da hannu a jikinsa. Iyayenmu ba sa jiran katanga ta zube. Bazara na kamawa za a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo, a duba soro da rumbu. Ba wanda ya ce musu almubazzaranci ne, kowa ya san gida yana cin aikinsa na shekara.

Da siminti da ƙarfe suka zo, sai muka ajiye wannan ɗabi'a, muka ce mun huta. Ga shi tsatsarmu ba ta fito fili kamar ta teku, a ɓoye take aiki, a inda ruwa yake kwana. Dubi ƙasan ƙofar gida ta ƙarfe bayan damina biyar ko shida, ta zama rariya, sama kuwa garau. Dubi ƙafafun tankin ruwa na ƙauye inda yoyo yake ɗiga dare da rana. Famfon tuƙa-tuƙa da ruwansa ya koma ja, mata suka guje shi suka koma rijiya, sau da yawa bututun ne tsatsa ta ci a can ƙasa. Mafi haɗari rodin da ke cikin daɓen rufi: in ruwa ya kai gare shi ya yi tsatsa, kumbura yake, ya fasa simintin daga ciki, sai an ga ɓaraguzai suna faɗowa a aji ko a ɗakin haihuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kayan jama'a. Ranar buɗewa ana kiɗa, ana yanka ƙyalle, amma da wuya ka ji an faɗi wanda zai riƙa dubawa, ko daga ina kuɗin fenti zai fito. Gwangwanin fenti da burushin waya ba su kai kuɗin sabuwar ƙofa ba, balle sabon tanki. Kwamitin ruwa da ke karɓar kuɗin jarka kullum zai iya ware wani abu kaɗan, ya sa mai walda da mai fenti su zagaya tankin a watan Mayu, lokacin da ake yaɓen gidaje, kafin hadari ya fara haɗuwa. Magajin gari ma zai iya sa wannan a kasafin shekara, makaranta makaranta, asibiti asibiti.