Farar Shadda a Filin Tseren Tsofaffin Motoci

Maƙwabcinmu a San Jose, jihar Kaliforniya, wani dattijon Bature ne da ya haura shekara saba'in. Ya daɗe da ajiye aikin gareji, amma har yau baƙin mai bai bar ƙarƙashin farcensa ba. Yarana ne suka raɗa masa Baba Bakanike, sunan kuwa ya bi shi.

Wata rana muna hira ta saman shinge, sai bakina ya yi mini tsawo. Na ce masa ai ni ma cikin harkar mota na tashi, don Kawuna a Kano yana da Fijo 504 haɗin Kaduna, kuma ba a taɓa tayar da ita da safe babu ni ba. Wallahi ban yi ƙarya ba. Abin da dai ban fayyace masa ba shi ne ɓangaren da na ƙware a kai, wato turi. Baba Bakanike ya washe baki, ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, a watan Agusta zai raka wani abokinsa tseren tsofaffin motoci a filin tsere na Laguna Seca, kusa da garin Monterey, kuma suna neman ƙarin hannu.

Da uwargida ta ji, dariya ta fara yi. "Baban yara, tsofaffi a cikin tsofaffin motoci? Ka tafi da filo, barci za ka sha." Amma da ta leƙa waya ta ga a wannan makon ne attajiran duniya suke cika garin Monterey da motocin alfarma, sai zance ya sauya. Ta ce ba za a ga mijinta cikin manyan mutane da wandon jins ba. Ta ciro farar shaddata ta Sallah wadda ta sha sitati, da hula zanna, da takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Da asuba Baba Bakanike ya dube ni daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce in shiga mota.

Filin yana cikin tsaunuka tsakanin Monterey da Salinas, tun 1957 ake tsere a cikinsa. Zagaye ɗaya kilomita 3.6 ne, da kwana 11. Mun tarar da hazo ya sauko daga teku, ga wani sanyi mai ratsa ƙashi, a tsakiyar Agusta fa. Shadda kuwa kowa ya sani, ado ce, ba ta san zancen sanyi ba. Kafin mu kai rumfar da aka ajiye motarmu haƙorana sun fara gaisawa da juna.

Motar Mustang ce, ƙirar kamfanin Ford, ta girme ni nesa ba kusa ba. Na leƙa ciki ban ga komai ba sai kujera ɗaya, sitiyari, sandar giya, da bututun ƙarfe da aka gicciya ko'ina don kare direba idan ta wuntsila. Babu rediyo, babu kafet, ko marfin akwatin takardu babu. Baba ya miƙo mini tsumma ya ce in goge ƙafafun, ya kuma ba ni wasu 'yan soso guda biyu na toshe kunne. Na jefa su a aljihu. Mutumin da ya yi karatun jarrabawa janaretocin maƙwabta suna ruri a bayan tagarsa, shi za a bai wa soso?

Ina gugar, yana ba ni tarihi. Gasar da waɗannan motoci suka yi tashe a cikinta sunanta Trans-Am, an fara ta a 1966. Sharaɗin shi ne motar ta zama irin wadda kowa zai iya shiga shago ya saya, injinta kuma kada ya wuce lita 5. Sai kamfanoni suka riƙa ƙera motocin titi takanas don su samu shiga. Chevrolet ta fito da Camaro Z/28 a 1967, guda 602 kacal ta yi a shekarar farko. A 1968 direba Mark Donohue ya ɗauki shuɗiyar Camaro ta Roger Penske, mai ƙungiyar tsere, ya cinye tsere 10 cikin 13, Ford ta ji haushi ta fito da Mustang Boss 302 a 1969. Lissafinsu shi ne a ci tsere ranar Lahadi, ranar Litinin samari su yi layi a shago. A 1970 kowa ya shigo fage: Ford, Chevrolet, Pontiac, Dodge, Plymouth, har da AMC mai Javelin. Daga nan kuma kasuwa ta fara watsewa. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi, dokokin hayaƙi suka matse, tsadar fetur ta 1973 ta zo ta rufe zance. Waɗanda muke gani a rumfunan nan, in ji Baba, ba kwaikwayo ba ne, sai motar da ta yi gasar da gaske tsakanin 1966 da 1972 ake bari ta shiga wannan rukuni.

A nan na tuna ban gaida Hajiya ba. Duk Asabar nakan aika mata saƙon murya ta WhatsApp, kuma a lokacin Kano ana dab da magariba. Na danne wajen ɗaukar murya, na jingina kusa da ƙofar motar. "Hajiya barka da yamma, ya ƙarfin jiki? Mun zo wani waje ne da..."

Ashe mai motar ya riga ya shiga ciki. Ashe kuma waɗannan motocin ba su da salansa, bututun hayaƙi ne tsirara da ke fitowa ta gefe, daidai inda ƙafata take. Injin silinda takwas ya tashi. Ba a kunne na fara jin sa ba, a cikin hanji na ji. Na daka tsalle na ƙwala "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!", wayar ta suɓuce, yatsana ya saki, saƙo ya tafi Kano. Kafin in tsince ta, sauran motocin layin sun amsa, ɗaya bayan ɗaya, sai ɓarin wuta suke yi, tas-tas-tas. Na cusa wayar a aljihu na shiga laluben soso. Guda ɗaya na samu. Na toshe kunnen dama, na bar na hagu ga Allah.

Bayan gwajin safe aka zo fagen da na ƙware. A cikin rumfuna ba a cika son tayar da irin wannan inji don 'yar gajeriyar tafiya ba, saurin zafi gare shi kuma kuloci yana wahala, don haka turawa ake yi. Na naɗe hannun riga, na ce yau za su ga ɗan Kano. Na dafa bayan motar da tafuka biyu zan sa ƙarfi, sai mutum uku suka yi kaina da ihu lokaci guda. Wai akwai inda ake dafawa, akwai inda ba a dafawa.

Baba ya ja ni gefe ya nuna mini wata koriyar Dodge Challenger mai lamba 77. Ya ce a wancan zamanin, don mota ta yi sauƙin nauyi, wasu sukan tsoma gangar jikinta a ruwan asid ya cinye ƙarfen ya koma siriri. Mutanen Penske sun yi wa Camaro haka tun 1967. Ita kuwa wannan koriyar ta direba Sam Posey, a nan filin, a tseren farko na 1970, jami'in da ke duba motoci ya ɗora gwiwar hannunsa a kan rufinta yana hira, rufin ya lotsa. Asiri ya tonu. Sai da suka je shagon Dodge a Monterey, suka yanke rufin sabuwar mota dal, suka zo suka yi mata walda, sannan aka bar ta ta shiga. Parnelli Jones ne ya ci tseren ranar da Mustang. Daga nan na koma turi da yatsu, takalmina yana zamewa a kan kwalta, gefen rigata yana shafar bututun da bai gama hucewa ba. Wani ƙauri na ji, na ɗauka taya ce.

Ina tsaye ina duba ramin da wuta ta yi wa shaddar, sai ga wani mutum mai hular kaba da agogo mai walƙiya. Ya rusuna ya ba ni hannu, ya yi ta magana ta ɓangaren kunnen da na toshe. Ni kuwa ɗan mutunci, duk abin da ya faɗa sai in gyaɗa kai. Ya kama hannuna ya zaga da ni wata rumfa, aka ba ni kujera, aka kawo ruwan sanyi, aka buɗe mini bonet. Sai da ya rubuta wata lamba a bayan katinsa ya miƙo mini, sannan na gane dillali ne, ya ga farar riga da hula ya ɗauka wani basaraken mai arzikin fetur ne ya zo sayayya. Na fara ƙirga sifili, na kai wani waje na daina don kada jinina ya hau. Na gyara zaman hula na ce zan yi shawara da mutanena. A daidai nan Baba ya leƙo da jarka a hannu, ya ce in zo in riƙe mazurari.

Da azahar ta yi, hazo ya watse, rana ta buɗe sosai, Baba ya ce in na bar wajen nan ban ga kwanar da ake kira Corkscrew ba to ban zo ba. Hawan tudu ne mai ƙura da busasshiyar ciyawa, ni kuma da sau-ciki. Na isa sama da rarrafe, gwiwoyin wandona sun koma jan ƙasa.

To a can ne abin ya kama ni, kuma har yau bai sake ni ba. Kwanar tana kan ƙololuwar tudu. Direba zai taho a guje bai ga komai a gabansa sai sama, ya taka birki, ya karya hagu, sai hanya ta ɓace a ƙarƙashinsa, ta faɗa dama. Gangarar ta kai mita 18, tsayin bene mai hawa biyar da ɗoriya, a 'yar tazara kaɗan. Tunda ba a ganin hanyar, wata bishiya ce a can gaba direbobi suke saitawa.

Na taɓa kallon tseren motocin zamani a talabijin, suna wucewa sumul, ba ka ganin wahalar kowa. Waɗannan kuwa da idonka za ka ga mutum yana kokawa. Ƙarfin doki sama da 400, babu kwamfutar da za ta hana taya sulɓewa ko ta hana birki kullewa, giya huɗu ce ta hannu, mai kuma ta kafireta yake bi. Motar za ta dunƙufar da hanci, ta karkata, ɗuwawunta ya nemi wuce kanta, ka hango hannayen direba ta taga suna ta faman juya sitiyari, kamar mahayin da ingarma ya nemi ƙwacewa a wajen jafi ranar hawan Daushe. Rawaya, shuɗiya, koriya, mai ja da fari da shuɗi, ƙofa na neman shafar ƙofa, ƙasa na girgiza, ƙamshin man tsere ya cika hanci. Kuma idan suka cire hular kwano, yawancinsu furfura ce fal. Babu wani kuɗin da ake ci. Mutum ya ɗauki dukiyar da ya kamata a ce tana kulle a ɗakin tarihi, ya zo yana wujijjiga ta a bakin rami, don kawai haka aka ƙera ta ta yi. Ni da aka ce in zo da filo, sai ga ni riƙe da waya ta shinge ina ihun "Taka ta, Baba! Taka ta!" ga wani tsohon da bai san da zamana a duniya ba. Motarmu ta ƙare a can wajen baya. Mai ita ya fito jiƙe da gumi yana rungumar kowa, har da ni, ya bar mini shatin hannu biyu na baƙin mai a kafaɗa.

Sai da muka ɗaure motar a tirela na duba waya. Kira ne jere a kan jere: Hajiya, Kawu, autarmu, har da limamin unguwa. Na kira, a Kano dare ya raba, bugu ɗaya aka ɗauka. Da yake ni ɗan fari ne, Hajiya ba ta kama sunana. "Kai! Kana raye? Su wa suka buɗe muku wuta?" Ashe an saurari saƙon nan a tsakar gida, an tura wa dangi, wani ƙanen babanmu da ya yi soja ya tabbatar musu cewa wannan ƙarar babbar bindiga ce mai jigida. An yi addu'a bayan isha'i, an aika a sayo gero don sadakar safe. Uwargida ma sun neme ta, ita kuwa tana gidan suna, waya na cikin jaka. Na yi bayani iya bayani. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato turin motar da ka yi a gidan Kawunka bai ishe ka ba, sai da ka haye jirgi ka je ka yi wa Nasara?" Ta ce geron dai an riga an saya, in turo kuɗinsa.

Na shiga gida bayan isha'i kunnena na hagu yana ta kiɗan kansa. Uwargida ta dubi shaddar, ta zagaya ta dubi bayanta, ta sa yatsa a ramin ƙunar ya fito ta ɗaya gefen. Ta zauna a gefen hagu na ta yi magana mai tsawo cikin sanyin murya. Ina ganin bakinta yana motsi, ni kuma hankalina yana can kan tudu, ina lissafin ko za a samu ruɓaɓɓiyar Mustang mai araha mu tayar da ita ni da Baba. Duk inda ta ɗan dakata sai in ce "To, shi ke nan, babu komai."

Da safe na ji ta a waya tana yi wa mahaifiyarta albishir cewa na amince ta zo ta yi wata shida, kuma ni zan biya kuɗin jirgi, sannan garejin da nake wa tanadi za a gyara shi ya zama ɗakin baƙi.