Kuɗin da ake ƙona wa matattu a ƙasar Sin

'Yan uwana matasa masu zuwa Guangzhou da Yiwu sarin kaya, da ku ɗalibai da ke karatu a can, ku ba ni hankalinku.

Kwanakin baya wani yaro ɗan unguwarmu ya zo mini da wata jar takarda naɗe cikin leda, hannunsa har rawa yake. An buga 1,000,000,000 a jikinta. Wai wani da ya dawo daga Sin ne ya ba shi a madadin bashin da yake bin sa, yana so in raka shi Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a canza. Na duba, sai ga hoton wani sarki da hula mai tuntaye a goshi, a sama kuma an rubuta sunan bankin lahira da Turanci. Na ce, ƙanena, an cuce ka.

Kuɗin matattu ne. Sinawa masu riƙe da al'adar girmama kakanni kan saye su bandir-bandir da 'yan kuɗi kaɗan, su ƙona a bakin kabari ko cikin gwangwani, bisa imaninsu cewa ta haka mamaci ke samun abin kashewa. An fi yi a bikin Qingming, ranar sharar kaburbura, wajen 4 ko 5 ga Afrilu, da tsakiyar wata na bakwai a kalandarsu. Har gida da mota da waya na takarda ake haɗawa da su.

Kuɗin Sin na gaskiya kuwa, babbar takardarsu yuan 100 ce, mai hoton Mao. Duk wadda ta wuce haka, kada sifili su rufe maka ido, ko ashana ba za ta saya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsintar ta a titi su yi tsaraba, ko su miƙa wa abokin ciniki Basine da sunan wasa. A wurinsa tamkar ka yi masa fatan mutuwa ne, kuma cinikin shekaru na iya watsewa a nan take.

Mu dai ba aƙidarmu ba ce, addu'a da sadaka muke bin namu da su. Amma tsohuwar nan da za ka gani tsugune a gefen titi da daddare tana tura takardu cikin wuta, wataƙila mijinta take tunawa ko ɗanta. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar ta kana dariya. Ka ratse gefe, kada ka taka mata toka.