Jaka huɗu ta kai ni ta baro

Ni dai a hannun kakata Inna na koyi lissafin kuɗi a Daura, ita ba ruwanta da wani naira ashirin, Murtala ce, in ta ce Murtala biyar to ɗari kenan, hamsin kuma wazobiya. Jaka kuwa ɗari biyu ce, tun zamanin Turawa fam ɗari ake ce wa jaka, da naira ta zo a 1973 fam ɗaya ya koma naira biyu, shikenan jaka ta zama ɗari biyu, ga ma gudarta nan mai hoton Sardauna. Da wannan ilimin nake taƙama har ina gyara wa yara.

To rannan na shiga kasuwar Mai'adua sai na hango wani dattijo da zabbi tiƙa-tiƙa an ɗaure masu ƙafa. Na ce Baba nawa-nawa? Ya ce jikka huɗu-huɗu. Na buga a zuci, ɗari takwas! Zabo sukutum a wannan marra! Sai da na waiga kar wani ya ji ya riga ni. Kuma don tsabar son banza wai har tayawa na yi, na ce uku da rabi. Ya yi jim, ya ce Allah ba mu alheri.

Na zaɓi biyar, ina ɗagawa ina jinjinawa kamar wani dillali, na kira uwargida na ce ɗora ruwan zafi a babbar tukunya, ki leƙa ki gaya wa maƙwabta yau akwai farfesu, a aika a taho da Inna.

Na zaro dubu uku da ɗari biyar na miƙa. Baba ya kalli kuɗin ya kalle ni ya sake kallon kuɗin, ya ce yaro wannan na igiyar da na ɗaure su ne?

Ashe mutumin Nijar ne, ta Kwangwalam ya shigo, su kuma a can jikka sefa dubu ce cur, dala ma sefa biyar suke nufi. Wani ɗan canji a gefe, wanda ba wanda ya kira shi, ya danna kalkuleta ya nuno min, wallahi ko na haɗa da kuɗin mota da wayar hannuna sai an bi ni ciko. Ga jama'a sun taru ana ta ƙyaƙyatawa, ni kuma ina ajiye zabbin nan ɗaya bayan ɗaya a hankali kamar mai mayar da jaririn mutane.

Ƙwan zabi biyar na shigo da su gida a baƙar leda. Ruwa ya tafasa har an ƙara, yaran maƙwabta sun jera kwanoni a tsakar gida. Inna ta leƙa ledar ta ce to ai zabbin ne, ba su dai ƙyanƙyashe ba, a nemo kaza ta kwanta masu mu jira.