Mai i'itikafi ba lonely ba ne

Wancan hoton dattijon da ke i'itikafi, da ake ta yaɗawa an rubuta "a lonely man" a ƙarƙashinsa, kuskure ne, kuma ya kamata a gyara. Wanda ya keɓe kansa da ganin damarsa don ibada ba a ce masa lonely.

Lonely ciwo ne na zuci, kewa ce da rashin wanda za ka buɗe wa cikinka. Amaryar da aka kai wani gari, gida cike da dangin miji amma ba ta da abokiyar hira, ita ce lonely. Alone kuwa ƙidaya ce kawai, babu kowa tare da kai, ko kana jin daɗin hakan ko ba ka ji. Abin da dattijon nan yake ciki sunansa solitude, kaɗaicin da mutum ya nema da kansa, irin na mai shiga halwa.

Masu cewa ai ƙamus duk kaɗaici ya fassara su, don Allah ku bari. Ingila ta naɗa ministar kula da loneliness a 2018, Japan ta biyo baya a 2021, saboda matsala ce da ke taɓa lafiyar tsofaffi da matasa. Babu gwamnatin da ke neman maganin solitude. Ka ce wa mai ibada lonely, ka mayar da shi abin tausayi, alhali shi ya zaɓa.

Sai nahawu, inda ɗalibai suka fi zamewa. Alone ba ya zuwa gaban suna, don haka "an alone man" ba Turanci ba ne, "a man alone" ake cewa, ko "a lone man". Solitude suna ne, "in solitude" ake cewa. Kuma a kula da solitary, domin ba kullum yake ɗauke da natsuwa ba. "Solitary confinement" shi ne kulle fursuna shi kaɗai, kuma Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sun hana a wuce kwana 15 a jere ana yi masa haka.

Af, ga masu shirin WAEC: loneliness yana riƙe da e ɗinsa bayan n, y ɗin lonely ne kawai ke komawa i. Da yawa suna jefar da e ɗin, a zaftare musu maki a banza.